Kaushin turken dashen haƙori: ƙashi yana so, ƙwayar cuta ma tana so

Ƙaramin Likita, Agege

Assalamu alaikum malamaina. Akwai abin da ya tsaya mini a rai, ina roƙon a warware mini. Dillalan kayan dashe da ke zagaya asibitocin haƙori a nan Legas, kowa ya buɗe jaka sai yabon kaushin fatar turkensa: wannan an yi masa feshin tsakuwa an jiƙa shi a asid, wancan an bi shi da wutar lantarki, ƙashi zai kama shi cikin sati shida. To amma a aji an koya mana cewa duk abin da kaushinsa ya haura Ra 0.2 na maikuron a cikin baki, ƙwayoyin cuta sun samu masauki. Turakun nan kuwa kaushinsu ya ninka wannan sau biyar zuwa goma. Yaya za a haɗa maganganun biyu? Sannan mutumin da ya taɓa yin ciwon dasashi aka yi masa magani, wane irin turke ya dace da shi?

Injiniyan Ƙarafa, Ikeja

Wa alaikumus salam, Dakta. Kafin likitoci su shigo bari in daidaita ma'aunin, domin rabin gardamar daga nan take tasowa. Maikuron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita; silin gashin kai yakan kai wajen 70. Ra awo ne na layi guda: allura ko haske ya bi ta kan ƙarfe a miƙe, a ɗauki matsakaicin hawa da gangara. Awon da ake kira Sa kuwa fili ake aunawa, tsawo da faɗi, shi ya sa ya fi faɗin gaskiya a kan abu mai tiredi, wato zanen da ke zagaye jikin turke kamar na sukuru.

Albrektsson da Wennerberg na ƙasar Suwidin sun kasa fatar turaku gida huɗu a 2004. Awon Sa ƙasa da maikuron 0.5 mai sulɓi ne. Daga 0.5 zuwa 1 ɗan kaushi ne, nan tsofaffin turakun da injin sassaƙa kawai ya fitar suke. Daga 1 zuwa 2 matsakaici, kuma nan akasarin abin da ake sayarwa yau ya faɗa. Sama da 2 kaushi ne sosai, irin waɗanda ake fesa wa narkakken garin taitaniyom, ƙarfen da ake ƙera turakun da shi, waɗanda yanzu an kusa daina yayinsu.

Sai dai lamba ɗaya ba ta wadatar. Fata biyu za su iya zama Sa ɗaya, amma ɗaya tudu da kwari ne masu faɗi kamar kunyar gona, ɗayar kuma ramuka ne masu ƙuncin baki kamar saƙar zuma. Don haka ake ƙara awon Sdr, wato yawan filin da kaushin ya ƙara a kan shimfiɗaɗɗen wuri. In dillali ya kawo maka lamba, tambaye shi inda aka auna: tsinin tiredi, gefensa, ko kwarinsa? Ko kuwa a kan wani faifan gwaji ne da ba turken ba? Amsar takan bambanta.

Yadda ake yin kaushin kuwa, wanda ya fi yaɗuwa shi ne a harba wa turken tsakuwar alumina mai girman maikuron 250 zuwa 500, ta bar manyan ramuka, sannan a tsoma shi cikin asid mai zafi, haɗin haidurokulorik da salfiyurik, ya ci ƙananan ramuka a cikin manyan. Wannan shi ne SLA na kamfanin Straumann, kuma kamfanoni da yawa sun bi sawu. TiUnite na kamfanin Nobel Biocare, wanda ya fito a 2000, wutar lantarki ake sa wa cikin ruwan sinadari har ɓawon oksaid ɗin ya yi kauri ya huhhuje. Inda matsala take shigowa a masana'antar da ba ta da tsanani shi ne wanki: ɓurɓushin alumina yakan maƙale a cikin ramukan, ido ba ya ganinsa, kuma duk inda ya zauna ƙashi ba taitaniyom yake taɓawa ba.

Likitan Tiyatar Baki, Idi-Araba

Madalla da Injiniya. Ƙanena, ka taɓa tsayawa ka kalli magina suna shirin yi wa ginshiƙin kankare filasta? Sai sun sassare shi da guduma tukuna, ko su watsa masa ruwan siminti da yashi ya bushe, don yaɓe ba ya kama abu mai sulɓi. Haka ƙashi yake.

Da zarar turke ya shiga ramin da aka huda, jini ne ya fara taɓa shi, ba ƙashi ba. Cikin daƙiƙoƙi sinadaran furotin na jini sun lulluɓe fatar, sai jinin ya daskare ya saƙa zarurrukan faibirin tsakanin bangon ƙashi da ƙarfe. A kan wannan saƙar ƙwayoyin da za su gina sabon ƙashi suke takawa su iso. To yayin da suke tafiya suna jan zaren, kuma gudan jinin kansa yana tsukewa. In fatar mai sulɓi ce, zaren yakan saki ya ja baya, sai ƙashi ya riƙa girma daga bangon ramin yana matsowa a hankali har ya cim ma ƙarfen. In mai kaushi ce, zaren ya samu mariƙa, ƙwayoyin su iso har kan ƙarfen su fara gini a kansa kai tsaye. Ginin ya zama daga ɓangare biyu ke nan.

Brånemark, masanin ƙasar Suwidin da ya assasa dashen turke na zamani, ya lura da yadda ƙashin zomo ya riƙe taitaniyom a 1952, ya dasa wa mutum na farko a Gotenbag a 1965, da turaku sassaƙaƙƙu marasa wani kaushin kirki. Ƙa'idarsa ita ce a jira wata uku a muƙamuƙin ƙasa, wata shida a na sama. Da matsakaicin kaushi, a ƙashi mai kyau, jiran ya sauko zuwa sati shida zuwa takwas. Amma ribar da ta fi wannan ita ce a wurare masu wahala: bayan muƙamuƙin sama inda ƙashi yake da laushi kamar soso, gajerun turaku, da wurin da aka yi cikon ƙashi. A nan ne sassaƙaƙƙun suka fi faɗuwa tun kafin a ɗora musu haƙori.

Wani abu da ake mantawa: riƙon da turke yake da shi ranar dashe riƙon matsi ne, kamar kusa a katako. Ƙashin da aka matse ɗin jiki zai cinye shi ya sake sabo, saboda haka tsakanin sati na biyu da na huɗu riƙon yakan yi ƙasa, tsoho ya tafi sabo bai gama zuwa ba. Kaushi yana gajarta wannan rata, amma ba ya share ta. In turken ya riƙa motsi fiye da maikuron 150 a wannan lokaci, nama ne zai kewaye shi maimakon ƙashi, ko da wace irin fata gare shi.

Mai Binciken Ƙwayoyin Cuta, Yaba

Ranka ya daɗe ka gama da ɓangaren ƙashi. Dakta na Agege, lambar nan 0.2 da ke damunka ta fito ne daga aikin Quirynen da Bollen a Luben ta ƙasar Beljiyam a shekarun 1990, kuma a kan ɓangaren da ke leƙowa cikin baki suka yi shi, wato mariƙin da ke ratsa dasashi, inda yawu yake wanka da shi dare da rana. Abin da suka gani shi ne sama da wannan awo datti yana ƙaruwa tare da kaushi, ƙasa da shi kuwa ƙara gogewa ba ya ƙara rage ƙwayoyin. Ba su ce komai a kan ɓangaren da ke binne cikin ƙashi ba, domin can babu yawu. Maganganun biyu duka gaskiya ne, kowacce da unguwarta.

Dalilin da ya sa kaushi yake yi wa ƙwayar cuta daɗi lissafi ne na girma. Ƙwayar da ke gina ƙashi ta kai maikuron 20 zuwa 30, tana shimfiɗuwa ne a kan ramuka da yawa lokaci guda tana riƙe bakunansu. Ita kuwa Streptococcus ba ta wuce maikuron ɗaya ba. Ramin da asid ya ci daidai jikinta ne, ta shige ta zauna, yawu ba ya kwashe ta, silin buroshi kuma ya fi bakin ramin kauri nesa ba kusa ba.

Kuma ba su zuwa a hargitse. Furotin na yawu ne yake fara shafe ƙarfen cikin mintuna. Sai Streptococcus da Actinomyces su sauka a kai, su shanye iskar oksijin da ke wurin. Fusobacterium nucleatum ta zo ta zama gada, kowa yana maƙale mata. Daga nan masu ƙin iska irin su Porphyromonas gingivalis da Tannerella forsythia su samu wurin zama. Staphylococcus aureus ma, wadda ba ta cika damun haƙorin asali ba, tana son taitaniyom. Gaba ɗayansu sai su lulluɓe kansu da wata yana mai yauƙi, kamar gansakukar da ke kama bangon kwata da damina, kuma a cikin wannan yanar maganin da zai kashe su a kwalbar gwaji ba ya yi musu komai sai an ninka shi ninkin-ba-ninkin. Shi ya sa rubuta wa mai ciwon kewayen dashe amoksisilin kaɗai a sallame shi ɓata lokaci ne: kumburi zai lafa kwana kaɗan, ƙashi ya ci gaba da tafiya.

Wani mai bincike, Gristina, ya kira abin tseren kama fili a 1987. Wanda ya riga isa kan ƙarfen, ƙwayar jiki ko ƙwayar cuta, shi ke da wurin.

Likitar Dasashi, Surulere

Na yarda da rabon unguwa, amma ina da ja, kuma da Yayanmu na Idi-Araba nake. Iyakar da ke tsakanin unguwannin biyu ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ranar dashe kaushi yana binne. Bayan shekara biyar, in ƙashi ya ja baya milimita biyu, fatar da aka ƙera don ta riƙe faibirin ita ce yanzu take riƙe datti, kuma ba wanda ya ƙera ta don a wanke.

Bitar da Derks da Tomasi suka yi a 2015 ta nuna kusan kashi 43 cikin ɗari na masu dashe suna da kumburin naman kewaye, kusan kashi 22 kuma ciwon ya kai ga cin ƙashi. Wannan ba ƙaramin adadi ba ne. A gwajin karnuka da Berglundh da abokan aikinsa suka wallafa a 2007, sun ɗaura zare a wuyan turaku har ciwo ya kama, suka cire zaren suka zuba ido. A kan gogaggun turaku ɓarnar ta yi sauƙi, a kan masu matsakaicin kaushi kuwa ta ci gaba da kanta.

Ga kuma abin da ke ƙara tsananta shi. Haƙorin asali yana da jijiyoyin da ke tsaye a kansa suna shiga jikin saiwa, da hanyoyin jini masu yawa. Turke ba shi da su. Zarurrukan naman da ke kewaye da shi a kwance suke, suna zagaye shi kamar rawani, ba su kama shi ba. Ciwo in ya samu ƙofa sai ya gangara ya ci ƙashi a zagaye kamar kwano, kuma sau da yawa ba zafi. Turken ba ya girgiza sai ƙashin ya kusa ƙarewa. Mutum yana cin tsire da shi lafiya lau alhali rabin ƙashin ya tafi.

Matsayina: kaushi ba shi ke kunna wutar ba, amma in ta kama shi ne yake hana a kashe ta.

Likitan Tiyatar Baki, Idi-Araba

Hajiya, jumlarki ta ƙarshe ban da ja a kanta. Inda nake tsayawa shi ne kada ƙanenmu ya fita da tunanin cewa komawa ga turke mai sulɓi shi ne mafita. Kare da aka ɗaura wa zare da gangan daban, mutum daban, kuma binciken da aka bi mutane shekaru bai nuna wata tazara mai faɗi tsakanin matsakaicin kaushi da sassaƙaƙƙe ba ta fuskar cin ƙashi. Masu kaushi sosai su ne suka yi ƙaurin suna.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma yawancin tsagar hannunmu ne ke yin ta. Ƙashin da ke gefen leɓe in bai kai milimita 1.5 zuwa 2 ba bayan an dasa, zai narke, tiredin farko ya fito fili. Tsakanin turke da haƙori a bar aƙalla milimita 1.5, tsakanin turke da turke 3. Wajen huda, Eriksson da Albrektsson sun nuna tun 1983 cewa zafin digiri 47 a ma'aunin Salsiyos na minti ɗaya ya isa ya kashe ƙashi. Bakin huda da ya dakushe, ruwan gishirin da ba ya isa ƙasan rami, danna hannu ba tare da ɗagawa ana saukewa ba, duk suna kai wa can, musamman a gaban muƙamuƙin ƙasa inda ƙashi yake da tauri. Haka ɗaure turke da ƙarfin da ya wuce kima a ƙashi mai tauri ba tare da an buɗe bakin ramin ba: wuyan ya matse ƙashin da jini bai wadace shi ba, ya mutu, a ga rata a hoto bayan wata uku a ce ƙwayar cuta ce.

Sannan zurfi. Duk ɓangaren da ke da kaushi ya shige ƙashi, kewaye gaba ɗaya, ba gefe uku ba. Ƙashin da ya yi gangara, gefen harshe a sama gefen leɓe a ƙasa, ko a daidaita shi ko a yi ciko. Barin rabin milimita na kaushi a waje da fatan nama zai rufe shi, ranar ne aka shuka ciwon.

Maƙerin Haƙora, Mushin

Likitoci, a ba mu dama mu ma, don abin da ke saman turke daga teburinmu yake fitowa. Mariƙin da ke ratsa dasashi shi ne ainihin inda dokar 0.2 take aiki. Kuskuren da ya fi yawa a ɗakin ƙira shi ne wajen manna hula, wato haƙorin da aka ƙera don ɗorawa a kan turke, a kan gindin taitaniyom: ana yi wa wurin mannin feshin alumina mai maikuron 50 don siminti ya kama, to in ba a rufe sauran jikin da kakin zuma ko a ɗaura shi a kan turken gwaji ba, feshin zai ci wuyan da zai zauna cikin nama, ya ci har bakin haɗin. An mayar da wuri mai sulɓi mai kaushi, an kuma lalata zaman haɗin.

Zirkoniya, farin abu mai tauri kamar tangaram da ake ƙera hula da shi, in za ta shiga ƙarƙashin dasashi gogewa take so, mataki-mataki da robobin goge har ta yi sheƙi, ba a shafa mata gilas ba. Bayan an gama, a wanke da tururi da injin girgiza ruwa, domin ƙurar ƙarfe da man goge suna maƙalewa, kuma asibiti ya tsarkake kafin a sa a baki.

Siffar hula ma magana ce. In ta fito daga wuyan turke ta buɗe da faɗi kamar laima, kusurwar ta haura digiri 30, ƙarƙashinta ya zama ɗaki da ba buroshin da zai shiga, ko ma'aunin likita ba zai shiga ba. In likita ya dasa siririn turke can sama-sama a gurbin turmi, ba yadda maƙeri zai yi sai laima. Wannan tun wajen tsara dashe ake gyara shi.

Likitar Dasashi, Surulere

Malam ya taɓo siminti, bari in ƙara. Wilson a 2009 ya leƙa ƙarƙashin dasashi da ƙaramar kyamara a turakun da ke da alamar ciwo, ya tarar da ragowar siminti a kashi 81 cikin ɗari. Busasshen siminti ya fi kowace fatar turke kaushi. In za a iya ɗaure hula da noti, a ɗaure. In dole sai siminti, kada bakin hular ya nutse fiye da milimita ɗaya, a shafa kaɗan a gefen ciki kawai, a fara danna ta a kan kwafin mariƙi a waje rarar ta fita, sannan a kai baki. Kuma kada a dogara da hoto wajen neman ragowa: wanda ke gefen leɓe da gefen harshe ƙarfen yana ɓoye shi.

Ƙaramin Likita, Agege

Allah ya ƙara ilimi. Wata tambayar da ta shafi tsada: turke in an buɗe kwalbarsa sai aka ga ba girmansa ake buƙata ba, bai taɓa baki ba, za a iya sa shi a tukunyar tururi a ajiye wa wani?

Injiniyan Ƙarafa, Ikeja

A'a, Dakta. Tururin zai kashe ƙwayar cuta, amma ba zai mayar da fatar yadda take ba. Abin da ƙashi yake taɓawa ba ƙarfen ba ne, ɓawon oksaid ne da kaurinsa a sassaƙaƙƙen taitaniyom bai wuce 'yan nanomita ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin dubu na maikuron). Sabon ɓawo yana son ruwa: ka ɗiga jini a gindin turken ka ga yana hawa tiredi da kansa. Da ya sha iska sai sinadaran kabon su fara sauka a kansa, cikin makonni ya koma ruwa yana tsayawa a kansa dunƙule kamar a kan ganyen gwaza. Dalilin da ya sa ake ajiye turken SLActive na Straumann cikin ruwan gishiri ke nan tun daga masana'anta, kuma shi ne tushen aikin Ogawa a Amurka na haska turke da hasken da ke ƙone kabon ɗin kafin dashe.

Tukunyar tururi kuwa ƙari take yi. Ruwan da ba tatacce ba, mai daga na'urorin hannu da aka dafa a ciki, zaren takardar naɗi, duk suna sauka cikin ramukan. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar busarwa, kayan su fito da danshi, wannan kuma wata matsalar ce daban.

Haka ajiya. Danshin Legas da zafin mota a cunkoson hanya ba sa tausaya wa kwali da manne. Kwalbar da hatiminta ya ɗago, ko mai ruwa da ruwan ya ragu, ko wadda wa'adinta ya wuce, a mayar. A duba lambar rukuni da rajistar NAFDAC. Wajen ɗauka kuma daga kwalba zuwa rami kai tsaye: kada ya taɓa safar hannu, leɓe, yawu ko ƙarfen da ba taitaniyom ba.

Mai Wankin Haƙora, Obalende

Ni ta wajen wanki zan shigo. Ƙugiyar bakin ƙarfe da bakin injin girgiza na yau da kullum suna karce wuyan mariƙi, kowane karce kuma sabon kwari ne. A yi amfani da ƙugiyar taitaniyom ko baki mai rufin roba. Feshin gari ya fi kyau, amma na gilaisin mai maikuron 25 ko eritiritol mai 14, ba garin soda mai kaifi da ake cire jan goro da shi a haƙoran asali ba. Ruwan fuloraid mai tsami da ake shafa wa haƙora ma yana cin ɓawon taitaniyom. Ga mai dashe a nemi marar tsami.

Sai a tambayi mutum da me yake goge baki, a tambaya da kyau. Mutanenmu da yawa suna bin jan goro da gawayi, toka ko gishiri. Asuwaki yana da amfaninsa a fuskar haƙori, amma ba ya shiga tsakanin hula da dasashi. Sai ɗan buroshin tsakani, mai wayar da aka rufe da roba, a gwada girman a bakinsa a nuna masa a madubi. Zaren sakace kuma in akwai kaushi a waje yakan tsinke ya bar ɓurɓushi cikin aljihu, wato ratar da ke tsakanin dasashi da turke, gara a bar shi a irin wannan hali.

Jini wajen goge dashe ba abin a jira ba ne. Ruwa ba ya tsami banza.

Likitar Dasashi, Surulere

To in kaushin ya riga ya fito fa? A fara da awo, da hannu mai sauƙi, ƙarfin da bai wuce niyuton 0.25 ba, kamar nauyin giram 25. Taron masana ciwon dasashi da aka yi a Shikago a 2017 ya ce in babu tsohon hoto, jini ko mugunya tare da aljihu mai zurfin milimita 6 da ƙashin da ya sauka milimita 3 sun isa a kira shi ciwon da ke cin ƙashi. In nama kawai ya kumbura, wanki da gyaran hula suna mayar da shi. In ƙashi ya taɓu, wanki daga waje ba kasafai yake isa ba, domin kwarin tiredi ba ya samuwa a makance.

Sai a cire hula, a buɗe nama, a kwashe ruɓaɓɓen naman da ya cika kwanon, a bi fatar da buroshin taitaniyom, feshin gari, da auduga mai ruwan gishiri. Har yau ba sinadarin da ya nuna ya fi sauran a fili. In ramin mai bango ne kewaye, ana iya cikon ƙashi. In tiredi a sarari yake sama da ƙashi, ana iya goge shi ya koma sulɓi, da ruwa mai yawa saboda zafi, a tare nama da auduga saboda ƙurar ƙarfe. Siririn turke kuwa goge shi yana rage kaurin bangonsa, yana iya tsagewa a wuya. Wanda ya rasa fiye da rabin ƙashinsa, a yi maganar cirewa da mai shi. Wanda yake girgiza an gama, fita zai yi.

Mai Binciken Ƙwayoyin Cuta, Yaba

Za ku ji ana tallar fatar da ke kashe ƙwayar cuta da kanta. Tushen maganar gaskiya ne: a 2012 Ivanova da abokan aikinta a Ostireliya sun nuna fiffiken wani ƙwaro yana da ƙananan tsinaye da ke yaga ƙwayar cuta in ta kwanta a kai, kuma ana kwaikwayon haka a taitaniyom, ana kuma gwada azurfa da ƙananan bututun oksaid. A faifan gwaji suna aiki. A baki kuwa furotin na yawu da gawarwakin ƙwayoyin farko suna rufe tsinayen, na baya su zauna a kansu. Kada a sassauta wa kowa sharaɗin tsafta saboda irin wannan talla.

Likitan Tiyatar Baki, Idi-Araba

Mu koma ga tambayarka ta biyu, ƙanena. Mai tarihin ciwon dasashi, kafin a yi zancen turke a duba bakin: ba aljihun da ya wuce milimita 4 yana jini, wuraren da ke jini ƙasa da kashi 10 cikin ɗari. Aljihun da aka bari a jikin haƙori rumbu ne da zai riƙa aika ƙwayoyi zuwa turke. Mai ciwon suga a ga awon HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan jini na watannin baya, a so shi wajen 7. In ya haura 8 a dakata. Taba da shisha a faɗa masa gaskiya. In ba zai iya dawowa wanki duk wata uku zuwa huɗu ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi, a yi masa haƙoran cirewa. Turken kuma matsakaicin kaushi, binne duka.

Likitar Dasashi, Surulere

A nan ne muka ɗan rabu, Yaya. Ga irin wannan mutum, a haƙoran baya inda kwalliya ba ta da nauyi, na fi son turke mai gogaggen wuya na milimita 1.8 ko 2.8 da ke ratsa nama, haɗinsa ya tashi daga bakin ƙashi, ko kuma mai rabi-da-rabi wanda tiredin sama sassaƙaƙƙe ne na ƙasa mai kaushi. In ƙashi ya ja baya, abin da zai fara fitowa abu ne da za a iya wankewa.

Likitan Tiyatar Baki, Idi-Araba

A muƙamuƙin ƙasa na bi ki. A bayan na sama, inda tsawon ƙashin bai wuce milimita 8 ba kuma mai laushi ne, ba zan sadaukar da tiredi uku na sama ba, domin nan ne kaɗai ƙashi mai ɗan tauri yake.

Mai Wankin Haƙora, Obalende

Kowanne aka zaɓa, a taimaka mana da abu biyu ranar da aka ɗora hula. A ɗauki hoto da mariƙin fim, a miƙe, yadda tiredi zai fito ɗaya-ɗaya a gefe biyu, a kuma rubuta zurfin aljihu a wuri huɗu zuwa shida. Da shi za a gwada na baɗi. Sannan takardar manne da ke cikin kwalin turke, mai sunan kamfani da girma da lambar rukuni, a manna ɗaya a fayil a ba mai dashen ɗaya. 'Yan kasuwarmu na Mile 12 da Alaba Rago yau suna Legas, wata mai zuwa suna Kano ko Sakkwato, wasu kuma a Masar ko Indiya aka yi musu dashen. Wanda zai karɓe su a can, in bai san irin turken ba, ko sukurudireban da zai kwance hular ba zai samu ba, balle ya san irin fatar da zai tarar a ƙarƙashi.